Matar da ta ƙi rubuta miliyan ɗaya

Barbro Edholm ba ta shiga mota zuwa aiki. Ko sanyi ya kai inda gashin hanci ke daskarewa, kekenta mai tayoyin ƙusa na maganin santsin ƙanƙara take turowa daga ƙasan bene, ta cusa hular ulu a ƙarƙashin hular kwano, ta gangara ta bakin kogi cikin duhun safiyar arewacin Sweden. In ta isa ofis ta tuɓe takalmin waje ta jera shi a layin takalma, ta zura na katako, ta sa kwanon abincinta a firiji. Yawanci dankali ne da kifi, ko ragowar miyar waken ranar Alhamis. Ba ta yi wa kowa murmushi kafin ta sha kofi na farko, ba ta kuma taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba. Sai ta zauna ta kunna kwamfuta, ta shiga yi wa lambobi tambayar da ta shekara talatin da ɗoriya tana yi musu: kai, ina ƙarshenka ta ƙasa, ina ƙarshenka ta sama?

Makon jiya ta yi ritaya. Na zuba ido in ga ko jaridar garinmu, wadda ke ba da shafi guda in karen wani ya ci gasa, za ta rubuta mata ko layi biyu. Shiru kake ji. To ni zan rubuta, kuma ba da sanyin rai ba. Ni direban motar 'yan makaranta ne, hanyoyin ƙauye nake bi, Barbro kuma maƙwabciyata ce, ƙofa na kallon ƙofa. Abin da ban gani da idona ba, waɗanda suka gani ne suka ba ni, zan kuma faɗi sunansu.

Aikinta ba shi da wuyar ganewa in ita ce ke bayani, ranar da ta tashi da haƙuri. Irin manhajar da take ginawa, ba a gaya wa na'ura amsa, ba a nuna mata hanya. Sharuɗɗa kawai ake jera mata, ita ta lalubo abin da ya cika su duka. A ɗakin wankin gidanmu ta taɓa kwatanta mini tana ninke zanen gado.

"Ɗauka ban san yara nawa ne a motarka ba," in ji ta. "Ka ce mini kujerunka arba'in, kuma ba a tsayuwa. Na san ba su wuce arba'in ba. Ka ce akwai wasu 'yan gida ɗaya su uku da ba su fashi. Na san ba su gaza uku ba. Har yanzu ban san adadin ba, amma na san katangunsa biyu. Kana ƙara sharaɗi, katangun suna matsowa."

Na ce, "In ban gaya miki yawan kujerun ba fa?"

Ta ajiye zanen ta dube ni, kai ka ce ranar ta fara lura ni ma ina da kai. "Sai in ce maka babu iyaka. Kuma ba zan zaunar da yaro ko ɗaya ba sai ka je ka ƙirgo."

Wannan ɗan yanki na manhajar, mai auna katangun adadi, mai cewa "babu iyaka" ya kuma tsaya cak ya ƙi motsi, shi ne na Barbro. Ita ta rubuta shi, ita ke gyara shi, ita ke shan zagi a kansa.

Masu wannan sana'a suna da wata ɗabi'a da duk sun santa, sai dai ba a faɗa a gaban baƙo. In na'ura ta cije ta ce adadi kaza ba shi da iyakar sama, don haka ba za ta fara neman amsa ba, sai mutum ya ɗan waiga, ya rubuta mata wani ƙaton adadi, miliyan ɗaya, ya ce ga iyakar nan. Na'ura ba ta da wayon gane an yi mata rufa-rufa. Ta karɓa ta ci gaba, kowa ya tafi shan kofi. Sau da yawa ba abin da ke biyo baya, don abin da ake ƙirgawa akwatuna ne ko kwalabe. Barbro ba ta taɓa yi ba ko a kan kwalabe. A wurinta, in na'ura ta ce babu iyaka, ba lalacewa ta yi ba, wani ne ya manta bai gaya mata wani abu ba, kuma sai an tashi an nemo abin.

A yankinmu ma'aikatan hukuma ne ke share ƙanƙarar manyan tituna. Ƙananan hanyoyin ƙauye kuwa na manoma ne. Sanyi na shigowa, shanu na rumfa, sai manomi ya ɗaura wa taraktarsa garmar ƙanƙara ya ba hukuma haya, shi da taraktar, a biya shi da awa. Shekarun baya hukumar ta ba kamfanin su Barbro kwangilar manhajar da za ta riƙa raba wannan aiki: wa zai bi wace hanya, daga yaushe zuwa yaushe. Ana gab da ranar nuna wa masu kwangila, na'ura ta tsaya ta ƙi fitar da jadawali.

Barbro ta bi adadin ɗaya bayan ɗaya tana tambayarsu iyaka. Awannin da ma'aikacin hukuma zai yi a kan sitiyari ba hutu, akwai katanga, don doka ta faɗa, ƙungiyarsu kuma ba ta wasa. Ta zo kan manoma. Babu iyaka. Na gaba, babu iyaka. Duk haka. Da ta tono dalili, sai ta tarar a bayanan da hukumar ta aiko ba a sa su cikin mutane ba. Cikin kayan aiki aka sa su, tarakta mai lamba kaza da direbanta, tare da tirela da injin watsa gishiri a titi. Tarakta kuwa ba ta barci, saboda haka ba wanda ya rubuta mata lokacin barci.

Gudrun, mai karɓar baƙi a kamfanin, ita ta kai kofi da burodin kirfa taron da aka yi a kan maganar, ta kuma yi ta jan ƙafa wajen jera kofuna don kada komai ya wuce ta. Shugaban sashen, Pontus Wallgren, mutum ne mai taushin murya, irin wanda zai kore ka daga aiki ka fita kana yi masa godiya.

"Barbro, ina jin ki," ya ce, "kuma damuwarki tana da muhimmanci a wurinmu ƙwarai."

"In kana ji na, me na ce?"

Ya yi ɗan murmushi. "Ki sa mata miliyan ɗaya mu wuce wurin. Daga baya sai a gyara."

"Daga Baya ɗin nan na san shi. Tare aka ɗauke mu aiki, har yau bai taɓa zuwa ofis ba."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta da burodi.

"Awa miliyan ɗaya, Pontus," ta ce. "Ya haura shekara ɗari. So kake in rubuta da hannuna cewa mutum zai iya tuƙa tarakta shekara ɗari bai runtsa ba?"

"Haba, wa zai ba shi shekara ɗari?"

"Na'ura za ta ba shi duk abin da ya rage mata wahala. Kwana biyu a jere in ya kama. Ba ƙinsa take ba, ba ta san yana da ido ba ne."

"To sa goma sha biyu."

"Daga ina ka ciro goma sha biyun? Daga aljihun wandonka? Ba mu ne za mu ƙirƙira ba. Masu hanya su faɗa."

A nan ne jinina ke tafasa. Pontus ba jahili ba ne, karatun da ta yi shi ma ya yi, ya san abin da take nufi tun kafin ta rufe baki. Ya ma riga ya tambayi hukumar a waya, Gudrun ce ta haɗa kiran, aka ce masa manoma masu zaman kansu ne, barcinsu ba ruwan hukuma. Kowa ya san dalilin. Ranar da wani ya furta adadi, ranar za a ga taraktocin ba su isa ba, sai an ƙaro. Shi ya sa duk suka yi gum, suna jiran wata baiwar Allah ta rubuta miliyan ɗaya ta ɗauke musu nauyi.

Mu a nan ba a cewa a'a a taro. Cewa ake mu ƙara dubawa, ko abin yana da ban sha'awa, sai magana ta mutu a hankali ba wanda ya kashe ta. Barbro ta ajiye kofinta ta ce, "A'a. Ba zan rubuta ba." Gudrun ta ce kallon Barbro aka yi kamar ta tofa yawu a butar kofi.

Ranar Asabar Barbro ta hau bas ta nufi ƙauyuka, ba wanda ya aike ta. Gidan farko na Sixten Näslund ne, ƙaton mutum mai taba a ƙarƙashin leɓe, wanda ya fi kowa daɗewa yana share hanyoyin bayan tafki. Matarsa Elvy ce ta ba ni wannan labari, don jikokinta a motata suke zuwa makaranta. Aka zaunar da baƙuwa a teburin kicin, aka zuba mata kofi kafin a tambaye ta abin da ya kawo ta.

"Wa ya aiko ki?" in ji Sixten.

"Ba kowa."

"To in kin koma ki gaya wa Ba Kowa ɗin ni ba jariri ba ne."

"Tambaya ɗaya ce, Sixten. Awa nawa kake iya yi a kan tarakta kafin idonka ya fara yaudararka?"

"Har ƙanƙara ta ƙare."

"Ba ta ƙarewa sai Afrilu."

"To rubuta Afrilu."

Ta ce ba za ta iya ba na'ura Afrilu ba, adadi take so. Nan fa ya murtuke fuska. "Kin ga shanun can? Ba madara ce ke ciyar da su ba, ƙanƙara ce. In ta zubo, rana ɗaya ko biyu ce, wanda ya daɗe a kan hanya shi ya samu. Ke kina zaune a ɗaki mai ɗumi da takalmin katako, ki zo ki yanke mini awa? Ubana da doki ya share hanyar nan, ba wanda ya auna masa barci."

Elvy tana bakin murhu, ta juya musu baya tun ɗazu. Sai ta dire tukunya da ƙarfi.

"Gaya mata akwatunan wasiƙun mutanen gangare."

"Elvy."

"Guda nawa ka kwashe da garma bara, ka je ka kafa musu sababbi kafin su farga? Gaya mata kuma wa ke zama a gefenka a kan akwatin sufana, rungume da kwalbar kofi, tana mintsinin cinyarka."

"Ita ke son bi na," ya ce wa Barbro.

"So? Ji tsohon banza! Ni da ciwon ƙugu, son me zan yi wa akwatin ƙarfe?" Ta juyo ta fuskanci Barbro, ludayi a hannu. "Rubuta goma. Bayan awa goma ba mijina ba ne ke tuƙi. Idon a buɗe yake, amma ba kowa a gidan. In yi masa magana ya amsa mini abin da na tambaye shi jiya."

Sixten ya miƙe har kujera ta faɗi. Ya ɗauki hularsa, ya ce wa Barbro ta shanye kofinta tunda an zuba, amma kada ya ƙara ganin ƙafarta a gidansa. Ya buga ƙofa. Barbro ta shanye kofin, ta yi wa Elvy godiya, ta wuce gona ta gaba.

Haka ta yi ta zagaye a ranakun hutunta. Mazan su cika baki, matansu ko 'ya'yansu su biyo ta tsakar gida su faɗi gaskiya. Wata tsohuwa ta ce ɗanta ya taɓa tsayar da tarakta a tsakiyar hanya ya sauka zai buɗe ƙofar gona, alhali ba gona a wurin. Mutum ɗaya ce ta amsa kai tsaye, wata mata mai taraktar kanta, ta ce, "Tara, in na ci abinci," ta koma cikin rumfa. Duk amsoshin a kusa da juna suke. Barbro ta ɗauke su ta kai wa mai rabon aiki na hukumar, ba ta bi ta ofishin Pontus ba, ta ce ga abin da masu hanya suka faɗa, a sa shi cikin sharuɗɗa. Mutumin yana da sauran kunya a idonsa. Ya sa.

Na'ura ta karɓi adadin, katangu suka matso, sai ta ba da amsar da kowa ke gudu. Ta ce da waɗannan taraktoci da wannan hutu, babu jadawalin da zai share hanyoyin duka kafin motocin makaranta su fito. Dole hukumar ta ƙaro taraktoci daga ƙauyukan maƙwabta. Hukuma ta ji haushi, don kasafinta ya ɓaci. Manoma suka ji haushi, don an raba musu awanni da baƙi. Kamfani ya ji haushi, don saura ƙiris kwangilar ta suɓuce. Ba a taɓa samun abin da ya haɗa kan mutanen yankin nan kamar haushin Barbro Edholm ba.

Ba a kore ta ba, ai mu ba ma kora. Kora da hali muka iya. Pontus ya kira ta tattaunawa, ya ce ta tsallake layi, kuma akwai buƙatar ta yi aiki a kan haɗin kai. Aka ɗauke teburinta aka kai ɗan lungun da ke kusa da injin buga takardu, aka ce daga yau ita ce mai amsa tambayoyin abokan ciniki. Taro ya riƙa wucewa ba a sa sunanta ba. Waɗanda ta koya wa aikin suka haura suka bar ta. Yankin nan nata na auna iyaka dai ba wanda ya taɓa shi, ba don kunya ba, don sun san tana duba shi kowace safiya, kuma wanda ya sa masa hannu zai ji "a'a" a gaban jama'a. Sixten kuwa in ya hango ta a kanti sai ya canja layi ya tsaya yana karanta gwangwanin abincin kare. Elvy ce kaɗai ke ɗan gyaɗa mata kai in ya juya baya.

Tun daga nan me ya faru? Ba komai. Wallahi ba komai, kuma da wannan ba komai ɗin suke dukanta. Ba tarakta a rami, ba gawa, ba hoto a jarida. Gudrun ta ji Pontus da kunnenta yana cewa, "Kun gani? Duk hayaniyar nan, ga shi ba abin da ya faru." Kai jama'a! Wanda ya hana gobara ba shi da tokar da zai nuna. Ni ne nake haɗuwa da taraktocin nan a kwanar bayan tafki, inda hanya ba ta ɗaukar mota biyu sai ɗaya ya raɓe, garma tana wucewa tazarar hannu daga tagar da yaro ya jingina kansa. Na san bambancin direban da ya ɗago mini hannu da wanda ya wuce yana kallona bai gan ni ba. Na biyun ya yi ƙaranci tun shekarar da Barbro ta hau bas ɗin nan. Wa zan kai wa wannan shaida? Wane ofishi ne ke karɓar haɗarin da bai auku ba?

Barbro, ke ce kika bar na'ura ta faɗi gaskiya lokacin da mutane masu baki suka kasa. Ke ce ƙayar kifi a wuyan masu gaggawa. Ba ki da daɗin zama, kowa ya sani, ni ma kin sha yi mini faɗa a kan gashin da na bari a injin busar da kaya. Amma ke ce kika ga an rubuta ɗan Adam a layin tirela, kika ƙi wucewa. Kika je har kicin ɗinsa kika tambaye shi, ya kore ki, kika kare shi duk da haka. Da a ce yabo kike nema, da kin zaɓi wanda zai gode miki.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa yin shiru. Sabon zubin manhajar zai fara aiki bana. An sake ɗora bayanan manoma daga tushe, kamar yadda hukumar ta aiko su, wato a layin tirela. An kuma ƙara wani abu da suka kira sauƙaƙa wa mai amfani: in na'ura ta tarar da adadin da ba shi da iyaka, ba za ta ƙara tsayawa ba, da kanta za ta sa ƙaton adadi ta wuce. Abin da Barbro ta ƙi rubutawa da hannunta, sun koya wa na'ura ta rubuta ba hannun kowa. Sun jira ne kawai ta kai ranar ajiye aiki. Abu ɗaya ke iya hanawa, shi ne wani cikin masu aikin ya karɓi yankin nata da sunansa ya ce ba a taɓa shi.

Ranar sallamarta aka yi yadda aka saba. Ƙarfe uku aka taru a ɗakin shan kofi, ga furanni, ga koren kek mai fure a ka da ake ci a irin wannan taro, Gudrun ce ta sayo. Pontus ya yi jawabi. Ya ce Barbro mutum ce mai tsantseni, wadda ba ta jin tsoron yin tambayoyi masu wuya, kuma za a yi kewarta. Aka tafa a hankali. Ya miƙa mata wuƙa, don mai tafiya ne ke fara yankawa, kuma ba mahaluƙin da zai kai hannu kafin ta yanka.

Ta karɓi wuƙar ta riƙe.

"Na gode da furanni," ta ce. "Wa zai riƙe iyakokin?"

Pontus ya ce, "Wannan za mu duba shi tare a matsayinmu na tawaga."

"Tawaga ba ta da suna. Suna nake tambaya. In na'ura ta ce babu iyaka, wa zai tashi ya je ya tambayo?"

Mutum wajen ashirin, kowa da faranti da ƙaramin cokali a hannu. Wannan ya dubi takalminsa, wancan ya dubi taga. Wani ya gyara murya, aka juya gare shi da sauri, ashe tari ne. Kofi yana hucewa a kofuna. A ƙasar nan an fi tsoron irin wannan shiru da a ce gini ya kama da wuta, amma suka jure shi, suka gwammace shi da a ce "ni". Gudrun ta ce ita da ba ta san kan aikin ba, sai da ta ji kamar ta ɗaga hannu don kunya.

"Barbro," in ji Pontus a hankali, "yau ranar murna ce. Yanka mana mana."

Ta dube shi, ta dubi sauran ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ta zauna da su tana nuna musu aiki tun suna zuwa da jakar makaranta. Sai ta kwantar da wuƙar a gefen kek ɗin. Ta fita ta sa takalmin waje, ta cusa na katakon a jaka, ta ɗauki kwanon abincinta a firiji. Furannin ma ta bar su. Aka daɗe a tsaye, sannan aka fara sulalewa da faranti ba komai. Ba wanda ya iya yanka kek ɗin, ba kuma wanda ya iya zubarwa, Gudrun ta rufe shi ta sa a firiji.

Na gode, Barbro. A madadin Elvy da sauran matan da suka samu shekaru suna kwana a gadonsu maimakon akwatin ƙarfe, na gode. A madadin mazan da ke zaginki da ransu da lafiyarsu, su ma na gode, tunda bakinsu ya yi nauyi. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ko da yake na san ba za ki huta ba, ina jin ki ta bango kina faɗa da rediyo.

Ku kuma masu wannan sana'a, a garin nan ko a ko'ina kuke, ba a ce ku zama Barbro ba, ba kowa ke iya zama a lungun injin buga takardu shekara da shekaru ba. Abu ɗaya ne. Ranar da na'ura ta tsaya ta ce muku babu iyaka, kafin yatsa ya kai kan sifili, ku duba me ake ƙirgawa. In kwalabe ne, ku da Allah. In mutum ne, ku tashi ku sa takalmi ku je ku tambayo, in ya ƙi faɗa ku tambayi wanda ke zaune da shi. Ku ashirin ɗin nan kuma da kuka tsaya da faranti, kun san kanku, kun san lambar Gudrun, har yanzu mutum ɗaya ake nema.

Masu hasashen yanayi sun ce ƙanƙarar farko za ta sauka kafin ƙarshen mako. Jiya da na sauke jikokin Elvy a bakin gonar Näslund, na tarar Sixten ya riga ya ɗaura garma, yana shafa mata mai. Gashin kansa ya yi fari fat, sai da ya dafa taya kafin ya miƙe. Ya ɗago mini hannu yana ta fara'a, rabon da in gan shi haka an daɗe. Ya ce an gaya masa bana ba mai yanke masa awa.